Shari'a Saɓanin Harshe: Darasin Arlit ga Ɗaliban Nazarin Laifuffuka

Gabatarwa

Duk wanda ke zama a dandalin hirar ɗalibai ya san cewa karatun shari'ar laifuffuka da aikin 'yan sanda ya samu farin jini a wannan zamani. Halin tsaron da yankinmu ke ciki ya sa matasa suna ganin wannan fanni a matsayin hanyar samun aiki, kuma hanyar yi wa ƙasa hidima. A Nijeriya akwai Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Wudil a Jihar Kano, wadda ke ba da digiri, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana koyar da nazarin laifuffuka da tsaro. A Nijar kuwa, mai son wannan hanya yakan bi ta tsangayar shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Tawa, daga nan ya nemi shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ko ta 'yan sanda. Ina maraba da wannan sha'awa. Amma ina da ƙorafi guda, kuma a gaban 'yan'uwana ɗaliban kimiyyar harshe ya fi dacewa in kawo shi.

Ƙorafin shi ne: duk karatun shari'ar laifuffuka da bai koya wa ɗalibi yadda magana ke sauyawa a kan hanyarta daga bakin mai ita zuwa takardar hukuma ba, ya bar giɓi a daidai wurin da adalci ya fi zubewa. Zan kafa hujja da garinmu Arlit, domin a nan na ga abin da idona, kuma a nan na yi kuskuren da har yau nake tunawa.

Garin da ma'adini ya tara

Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara gina garin a 1969, aka soma fitar da ma'adinin a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya haƙa raminsa a ƙarƙashin ƙasa, garin Akokan ya tsiro a gefensa. Can kudu, a Tchirozerine, kamfanin SONICHAR yana haƙo kwal domin samar da wutar lantarkin da ma'adinan ke aiki da ita. Waɗannan ayyuka sun jawo mutane daga kowace kusurwa ta ƙasa. Abzinawa masu kiwo, waɗanda ƙasar take tasu tun kaka da kakanni, suka wayi gari suna maƙwabtaka da Hausawan Maraɗi da Damagaram da Adar, da Zabarmawan bakin kogi, da Fulani, da Barebari, da Tubawa, da Larabawa, ga kuma Turawan Faransa a unguwarsu.

Daga baya wani rukunin ya ƙaru. Arlit ce babban gari na ƙarshe a kan hanyar Aljeriya kafin a kai Assamaka, saboda haka ta zama zangon matafiya masu tafiya arewa, da kuma waɗanda aka koro aka sauke a bakin iyaka suka tako da ƙafa. A tashar mota ɗaya mutum zai ji Bambaranci da Fulatancin Gini da Ingilishin buroka. Hausa ce ke haɗa mafi yawan mutanen nan a kasuwa, amma Hausar kasuwa ce, wadda ta ishi mutum ya sayi shayi da sukari, ba lallai ta ishe shi ya kare kansa daga tuhuma ba.

A wannan gari akwai 'yan sanda, akwai jandarma, akwai dakarun tsaron ƙasa masu gadin gidan kaso, akwai kuma babbar kotu. Dokokin da suke aiki da su, wato kundin hukunta laifuffuka da kundin tsarin shari'ar laifuffuka, an kafa su a 1961 bisa tsarin Faransa, an yi musu gyare-gyare daga baya, kuma da Faransanci aka rubuta su. Ke nan mutum yana aikata abin da ya aikata da harshe ɗaya, ya ba da labarinsa da harshe na biyu, a yi masa hukunci da na uku.

Yadda magana ke zama takarda

Bari mu bi sawun zance ɗaya. An kama mutum, an tsare shi domin bincike, wanda a laifuffuka na yau da kullum doka ta ƙayyade wa awa 48, tare da damar ƙari bisa iznin mai gabatar da ƙara. Jami'i ya yi masa tambayoyi da Hausa. Idan Ba'abzine ne daga daji wanda Hausarsa ba ta nuna ba, sai a nemo wanda zai juya Tamajak zuwa Hausa. Jami'in ya saurara, ya taƙaita, ya rubuta da Faransanci, yana amfani da wakilin suna na mutum na farko, kamar dai mai maganar ne ya furta jimlolin da bakinsa. Wannan ita ce takardar da ake kira PV. A ƙarshe a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Ɗalibin kimiyyar harshe zai lura cewa ayyuka huɗu aka yi a lokaci guda. An fassara daga harshe zuwa harshe. An mayar da maganar baka rubutacciya. An mayar da tambaya da amsa labari miƙaƙƙe, har tambayoyin da suka jawo amsoshin suka ɓace. An kuma ɗauke zancen daga salon hira aka sa shi cikin keɓaɓɓun kalmomin doka. Kowane mataki yana zubar da wani abu, ya kuma ƙara wani. Ko da doka ba ta ɗaure alƙali ga abin da ke cikin takardar ba, ita ce abu na farko da mai gabatar da ƙara zai karanta, kuma da ita za a auna duk abin da mutumin zai faɗa nan gaba. Idan ya zo kotu ya ce ba haka ya faɗa ba, sai a ce ya sauya magana.

Kalmar da na zubar

Ina ajin ƙarshe na sakandare aka fasa shagon wani maƙwabcinmu da dare. Da gari ya waye aka tafi da wani yaro mai tura kura, aka kuma kira wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin layin domin ta ba da shaida. Na raka ta saboda jikanta abokina ne. Jami'in da ke rubutu sabon zuwa ne daga yammacin ƙasa, Hausarsa ba ta yi ƙarfi ba, da ya ga littafi a hannuna sai ya ce, "Ɗan lakwal, zo ka taimaka mana." Na ji daɗi ƙwarai, na gyara tsayuwa.

Aka tambaye ta wanda ya shiga shagon. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wai yaron nan ne mai kura ya shiga." Ni kuwa na juya na faɗa da Faransanci cewa yaron mai kura ne ya shiga. Aka rubuta, ta dangwala yatsa, muka fito. Yaron ya ƙara kwana a tsare. Sai da dattawan unguwa suka sake zama da ita suka gane cewa ba ta ga kowa ba, a bakin masu sayen ƙosai ta ji, su ma a bakin wani suka ji. Aka koma aka gyara, aka sallami yaron. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, jami'in bai ƙara kome daga kansa ba. Ni ne na zubar da "wai".

Sai da na zo jami'a na san girman abin da na zubar. "Wai" alama ce da Bahaushe ke nuna cewa labarin da yake bayarwa ji ya yi, bai gani ba, kuma bai ɗauki nauyin gaskiyarsa ba. Masana harshe sun keɓe fage guda domin nazarin irin waɗannan alamomi masu nuna tushen labari. A wajen mai shari'a kuwa, bambancin ganau da jiyau shi ne ginshiƙin shaida. Harafi uku kacal, amma su ne suka raba shaidar ido da jita-jita. Faransanci yana da hanyoyin nuna wannan, amma sai wanda ya san cewa akwai abin nunawa zai neme su. Ni a lokacin ina ɗaukar "wai" a matsayin ƙawar zance irin ta tsofaffi.

Sauran ramukan da ke kan hanya

Wannan misali ɗaya ne daga cikin da yawa. Ɗauki lissafin kuɗi. A Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mutum ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, idan ya ce "jika", sefa 1,000 yake nufi. Tafintan da ya juya "ɗari huɗu" kai tsaye ya rubuta 400 ya rage kuɗin sau biyar, domin 2,000 ake magana. Ɗan ƙasa ya san wannan, amma cikin gaggawa, ko idan ɗaya daga cikin masu maganar baƙo ne daga Nijeriya ko Gana, lissafin yakan rikice, daga baya a ce shaidu sun saɓa wa juna.

Ɗauki kalmomin mu'amala. Bahaushe ya bambanta aro da rance, ya bambanta bashi da ajiya, ya bambanta jingina da amana. Abin da aka ara shi ake mayarwa da kansa, abin da aka ranta kuwa madadinsa ake biya. A doka ma, bambancin da ke tsakanin bashin da aka kasa biya da ajiyar da aka cinye shi ne bambancin rikicin kuɗi tsakanin mutum biyu da laifin cin amana mai kai mutum kaso. Ɗan kasuwar da ya ce "na ci kuɗin" yana iya nufin ya kashe su, ko ya same su riba, ko ya danne su. Aikatau "ci" kaɗai ya isa a rubuta kundin digiri a kansa.

Ɗauki kalmar amsawa. "To" da "na ji" sau da yawa ladabi ne ga babba, suna nuna cewa maganar ta iso kunne. Idan aka karanta wa mutum tuhuma ya ce "na ji", aka rubuta cewa ya amince, an mayar da ladabi iƙirari. Haka kuma "ɗan'uwana" yana iya zama wanda kuka haɗa uwa, ko ɗan garinku, ko abokin tafiya da kuka haɗu a Agadas shekaranjiya. Lokaci ma haka: shaida ya ce "da hantsi" ko "bayan la'asar", takarda kuwa ƙarfe kaza take so, sai a cike gurbin da kintace, kintacen ya zama hujja.

Sai kuma abin da ba a furtawa. Matar da ta ƙi ambatar sunan mijinta ko na ɗanta na fari alkunya take yi. Saurayin da ya sunkuyar da kai a gaban mai kaki tarbiyya yake nunawa. Abzinawa suna da salon zance na ishara da sakaya wanda suke kira tangalt, kuma a wajensu faɗar abu ɓaro-ɓaro a gaban manya rashin kamun kai ne. Jami'in da aka koya wa daga littattafan waje cewa kauce wa ido da kewaye-kewaye alamun rashin gaskiya ne zai karanta kunya a matsayin ɓoye laifi.

Lokacin da sana'a ta wayi gari laifi

Tarihin Arlit na kusa ya ba mu misali mafi girma. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara daga kudancin ƙasar, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Abin ya girgiza ƙasa. A ranar 26 ga Mayu 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka kuma tsananta aiki da ita daga 2016. An kama direbobi, an ƙwace motoci a jihar Agadas.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne cewa dokar ta zo da kalmominta, garin kuma yana da nasa. A bakin mutanen tasha akwai direba, da ɗan kamasho, da mai masauki, da fasinja. Duk sunayen sana'a ne da aka gada tun zamanin ayari, babu wanda ke ɗauke da ƙyama. A takardar hukuma kuwa waɗannan sunaye suna komawa mai safarar mutane, da mai haɗa baki, da mai ɓoye baƙin haure. Mutumin da aka tambaya ko shi mai masauki ne, ya amsa da alfahari cewa shi ne, bai san cewa amsarsa za ta iya zama iƙirarin laifi a wani harshe ba. Ba ina cewa babu azzalumai a cikin harkar ba. Waɗanda suka watsar da mata da yara a hamada sun cancanci hukunci. Abin da nake cewa shi ne, rarrabe azzalumi da mai neman abinci yana buƙatar jami'in da ya san nauyin kalmomin ɓangarorin biyu. A watan Nuwamba na 2023 hukumomin soja suka soke dokar. Cikin shekara takwas ma'anar aiki ɗaya ta juya sau biyu a idon hukuma, alhali sunansa a tasha bai sauya ba. Ɗalibin nazarin laifuffuka da ya fahimci wannan ya fahimci babban darasin fanninsa: laifi suna ne da hukuma ke raɗa wa aiki, kuma raɗin suna aikin harshe ne.

Abin da wasu ƙasashe suka koya da tsada

Ba mu ne farkon faɗawa wannan rami ba. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa, aka yi masa afuwa bayan mutuwa a 1966. A 1968 masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Jan Svartvik, ya nazarci bayanan da 'yan sanda suka ce Evans ya yi, ya nuna cewa ginin jimlolin sassan da suka ɗora masa laifi ya bambanta da na sauran sassan. Daga wannan aiki fagen kimiyyar harshe a fannin shari'a ya samo sunansa. Haka kuma an rataye Derek Bentley a 1953. Shekaru da yawa bayan haka Malcolm Coulthard ya nuna cewa bayanin da aka ce Bentley ya shifta da bakinsa yana cike da kalmar da ke nufin "sannan", an kuma ajiye ta bayan wakilin suna, salon da aka san rahoton 'yan sanda da shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1998. A Ostireliya, wata kotu ta shimfiɗa ƙa'idojin da ake kira na Anunga a 1976 kan yadda za a yi wa 'yan asalin ƙasar tambayoyi, bayan an lura cewa sukan amsa da "i" ga mai iko ko da ba su fahimci tambayar ba. Wannan ita ce matsalar "to" da "na ji" a wata nahiya.

A Ingila harshe ɗaya mai tambaya da mai amsa suke yi, duk da haka aka rasa rayuka. Ina ga inda ake ratsa harsuna uku?

Haƙƙin kuwa a rubuce yake. Sashe na 14 na Yarjejeniyar Duniya kan 'Yancin Ɗan Ƙasa da na Siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta idan bai jin harshen kotu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi haka, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 kuma ta yi maganar tafinta tun a matakin ɗaukar bayani. Amma doka tana iya ba da umarnin a kawo tafinta, ba ta iya ƙera shi. Makaranta ce ke ƙera shi.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini. Na farko, za a ce matsalar Arlit ta fi ƙarfin nahawu. Garin da aka sace mutum bakwai a dare ɗaya a watan Satumba na 2010, garin da aka kai wa harin ƙunar baƙin wake a ranar 23 ga Mayu 2013, garin da ke kan hanyar masu fasa-ƙwaurin makamai da ƙwayoyi da masu zuwa haƙar zinariya a Tchibarakaten, bindiga da mota yake buƙata. Ban musa ba. Amma bindiga ba ta san inda za ta nufa ba sai an ba ta labari, labarin kuwa yana bakin makiyayi da direba da mai shayi. Mutumin da ya taɓa ganin an juya maganarsa a takarda ba zai sake kawo labari ba, kuma zai gargaɗi danginsa. Tun da aka rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, matasa suka ƙaru a bakin titi. A irin wannan hali amincewar jama'a ita ce jarin jami'in tsaro mafi tsada.

Na biyu, za a ce ai jami'anmu suna jin Hausa. Gaskiya ne, da yawansu ma harshen uwarsu ne. Ni ma harshen uwata ne ranar da na zubar da "wai". Jin harshe daban, iya tafinta daban, kamar yadda mai ƙafa biyu bai zama ɗan tsere ba. Bugu da ƙari, idan mai bincike shi ne kuma mai fassara, to zatonsa yana shiga fassararsa ko da bai yi niyya ba, domin kunne yakan ji abin da zuciya ke jira. Tarihin mulkin mallaka ya nuna mana irin ikon da ke hannun mai tsayawa tsakanin harsuna biyu. Littafin Amadou Hampâté Bâ na 1973 a kan Wangrin labarin irin wannan tafinta ne. Iko irin wannan yana buƙatar horo da rantsuwa da sa ido.

Na uku, za a ce an riga an warware matsalar, tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A matsayina na ɗalibin Hausa na yi murna. Amma ayyanawa ba ta fassara kundin dokoki, ba ta samar da kalmomin da za su ɗauki ma'anar doka ba tare da tangarɗa ba. Akwai kuma gargaɗin da ya wajaba mu Hausawa mu yi wa kanmu. Tun a 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa goma, ciki har da Tamajak da Tubanci da Tasawak na mutanen Ingal. Idan muka cire Faransanci muka ɗora Hausa a kan tsohuwar da ba ta jin sai Tamajak, mun sauya mata mai danniya ne kawai. A Arlit, adalcin harshe yana farawa daga yarda cewa Hausa ma baƙuwa ce a kunnen wasu.

Na huɗu, za a ce wannan aikin makarantar 'yan sanda ne, jami'a ba ruwanta. Tarihin fannin ya ƙaryata haka. Archibald Reiss ya kafa cibiyar kimiyyar binciken laifi a Jami'ar Lozan ta Suwizalan a 1909. A Amurka, shugaban 'yan sandan Berkeley, August Vollmer, ya fara koyar da jami'ai a Jami'ar Kalifoniya a 1916. Dalilinsu shi ne cewa fareti da harbi ba su isa ba, sai an haɗa da ilimin da jami'a kaɗai ke tarawa. A zamaninsu ilimin sinadarai da zanen yatsa ne ake buƙata. A ƙasarmu, inda mafi yawan shari'u suka dogara ga abin da mutane suka faɗa, ilimin harshe yana cikin sahun gaba.

Shawarwari

Abu na farko, duk tsangayar da ke koyar da shari'ar laifuffuka ta sa darasi na dole a kan harshe da shari'a, wanda malaman shari'a da na kimiyyar harshe za su koyar tare. A koya wa ɗalibi bambancin tambaya buɗaɗɗiya da mai jan amsa, da alamomin tushen labari, da karin harshe, da al'adun zance na al'ummomin ƙasa. A sa shi ya ɗauki bayanin abokinsa ya rubuta, sannan a kunna masa abin da aka naɗa ya ga da idonsa abin da ya zubar.

Na biyu, a buɗe takardar shaidar ƙwarewa ta tafintan kotu. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana zaune a tsakiyar masu Tamajak da Hausa da Tubanci da Larabci, babu inda ya fi ta dacewa da wannan aiki. 'Ya'yan ma'aikatan ma'adinai da suka tashi da harsuna uku a baki suna nan birjik a Akokan suna neman abin yi.

Na uku, a riƙa adana ainihin maganar mutum. Ko dai a rubuta muhimman jimlolinsa da harshen da ya furta su a gefen fassarar, ko a naɗi muryarsa. Wayar da ke aljihun kowane jami'i tana iya wannan. Da an naɗi muryar tsohuwar nan, da "wai" ɗinta bai ɓata ba.

Na huɗu ya rataya a wuyanmu. Magabatanmu sun zauna sun samar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, waɗanda aka buga a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad, da su muke karatu yau. Fannin shari'ar laifuffuka yana jiran irin wannan hidima: ƙamus na Hausa da Tamajak da Faransanci, wanda za a gina daga abin da mutane ke faɗa a tasha da kasuwa da zauren sarki, a kuma tantance shi tare da alƙalai da lauyoyi. Mai neman batun kundin digiri ya duba nan. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Littafin rubutu da haƙurin zama kawai ake buƙata.

Kammalawa

Hausawa sun ce shari'a saɓanin hankali. A garuruwan yuraniyom sau da yawa saɓanin harshe ce, kuma wannan saɓani yana da magani. Ga ɗan'uwana mai shirin karanta nazarin laifuffuka, shawarata ita ce ya ratso ta sashenmu ya ɗauki darasin ilimin ma'ana da na walwalar harshe kafin ya sa kaki. Ga mu ɗaliban harshe kuma, mu daina ganin karatunmu a matsayin abin da ke ƙarewa a allo da jarrabawa. Yaron nan mai kura yanzu magidanci ne, yana da keken ɗinki a kasuwa. Duk lokacin da na je hutu mukan gaisa, bai san ni ne sanadin ƙarin kwanansa a tsare ba, ni kuwa na sani. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar maganar mutane.